Waɗanne kalmomi zan zaɓa don masu saye su samo shagona a Google?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shago a Kantin Kwari a Kano, ina sayar da shadda da atamfa da leshi, sari da ɗai-ɗai, kuma ina aika kaya wasu jihohi har da Nijar. Wata shida ke nan da aka buɗe mini shafin intanet, amma in na rubuta "shadda" ko "atamfa" a Google ba na ganin nawa ko na yi ta gangarawa ƙasa. Yaron da ya gina mini shafin ya ce in rubuto masa kalmomi ɗari ya zuba a ciki. Ta yaya zan san kalmomin da zan ba shi?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi ya sa albarka a nema.

Ka dakatar da maganar kalmomi ɗarin nan tukuna, kada ka wahalar da kanka wajen rubuta su. Na gane abin da yaron yake nufi. A bayan kowane feji, wato kowane ɓangare na shafinka mai adireshinsa, akwai wani gurbi da mai ziyara ba ya gani, wanda a da ake jera kalmomi a ciki don a sanar da injin bincike abin da fejin ya ƙunsa. Sai mutane suka yi ta cusa ƙarya a gurbin, mai sayar da takalmi ya jera sunayen 'yan ƙwallo don kawai a faɗo wajensa, har ta kai ba mai amincewa da abin da ke ciki. Tun watan Satumba na 2009 Google ya fito fili ya ce ba ya duba wannan gurbin wajen jera sakamako. In kuwa nufin yaron ya zuba su a fili ƙasan feji, irin jerin nan na "shadda Kano, shadda Kaduna, shadda Abuja, shadda Sakkwato", to wannan ya ma fi muni, domin ƙa'idojin Google sun lissafa shi ƙarara cikin nau'o'in maguɗi, kuma yana iya jawo a danne shafin. Kalmar bincike ba ta aiki sai in akwai feji guda da aka gina a kanta, wanda ke biya wa mai rubuta ta buƙatarsa. Ke nan yawan kalmomin da za ka zaɓa bai kamata ya wuce yawan fejin da za ka iya cikawa da bayani na gaskiya ba. Ga shago irin naka, goma zuwa ashirin sun isa a fara.

Akwai ɗan gwaji na minti ɗaya da ya kamata ya riga komai. Rubuta site: a akwatin bincike, ka liƙa masa adireshin shafinka babu tazara, ka danna. In fejojinka sun fito, Google ya san da kai. In babu abin da ya fito, matsalar ba ta kalmomi ba ce, shafin ne bai shiga kundin Google ba sam, kuma sau da yawa wani ɗan maɓalli ne na hana injin bincike shiga da aka kunna lokacin gini aka manta ba a kashe ba. Wannan aikin yaron ne, ya gyara shi a yau.

Sai mu zo kan kalmomi biyun da kake gwada kanka da su. Ba naka ba ne, kuma ko da ka hau kansu ba lallai su kawo maka ciniki ba. Gani ya kori ji: ɗauki waya ka rubuta "shadda" ita kaɗai. Za ka tarar da bayanin shaddar Larabci, alamar nan da ake ɗora wa harafi, gauraye da hotunan ɗinki da tallan manyan shafuka. Rubuta "ankara", sunan da mutanen Kudu ke kiran atamfa da shi, za ka ga babban birnin Turkiyya yana gogayya da hotunan riguna. Rubuta "atamfa", akasarin abin da zai fito ɗinkuna ne, a hoto da bidiyo. Ba kuskure Google ya yi ba. Ya daɗe yana lura da abin da masu rubuta kalmar suke zaɓa, ya gane cewa mafi yawansu samfurin ɗinki suke nema su nuna wa tela, alhali atamfar tana nan a jakarsu sun riga sun saya.

Kai ka fi ni sanin wannan daga bakin shago. Wanda ya shigo Kwari yana cewa "ina masu atamfa?" ɗan kayi-na-yi bai san inda zai kai shi ba, don kowane layi akwai atamfa, wataƙila ma kallo ya zo yi. Amma wadda ta ce "turmi arba'in nake so kala ɗaya na anko, biki saura wata guda", nan take ya san shagunan da za su iya, ya kuma san da kuɗinta ta zo. Haka Google yake yi da abin da aka rubuta masa. Gajeriyar kalma masu nemanta suna da yawa, amma niyyarsu a warwatse take, kuma manyan shafuka irin Jumia da Jiji da Pinterest sun daɗe da mamaye ta. Doguwar jimla masu nemanta kaɗan ne, amma kowannensu ya faɗi abin da yake so, kuma sau da yawa babu wanda ya tanadar masa amsa. A nan rabonka yake.

Don haka abin da za ka riƙa tambaya a kan kowace kalma shi ne: wanda ya rubuta wannan, me yake shirin yi? "Dinkin shadda na maza" mai neman samfur ne, rabon tela ne ba naka ba. "Farashin shadda yadi 10" mai lissafin aljihunsa ne, ya kusa saye. "Atamfa sari Kano" ɗan kasuwa ne mai neman wanda zai riƙa ɗauka a wajensa, kuma shi kaɗai ya fi maka masu kallon hoto dubu. "Yadda ake gane gezna ta asali" bai yanke shawara ba tukuna, amma tsoron a cuce shi ya nuna kuɗi mai kauri yake shirin fitarwa, kuma wanda ya yi masa bayani ya gamsu, shi zai fara kira.

To, a ina ake samo irin waɗannan jimlolin? Mutane sukan yi tsammanin sai an sayi manhaja mai tsada. Ni a wajena babu manhajar da ta kai WhatsApp ɗin shagonka, musamman ga kasuwancin da rabin abokan cinikinsa da Hausa suke magana. Ka zauna da yaron shago mai amsa saƙonni, ku koma baya wata uku. Ku tsallake gaisuwa, ku nemi jimlar farko da mai saye ya faɗi buƙatarsa. Za ku ci karo da irin su "akwai gezna fara yadi 5", "nawa ne turmin sufa", "kuna hada kayan lefe", "ina son leshi na fitar biki mai dutse", "how much is white guinea brocade 10 yards to Ibadan". Ku kwafe su a littafi yadda aka rubuta su, da kuskuren rubutun da komai, kada ku gyara ko harafi ɗaya, domin yadda mutum ya rubuto maka haka yake rubuta wa Google. Duk wadda ta maimaitu a yi mata ɗigo a gaba. Saƙonnin murya ma a saurare su, don da yawa daga cikin matan da ke haɗa anko da lefe ta nan suke magana. Kafin ku kai ƙarshe za ka ga wasu jimloli sun tara ɗigo rututu, wasu kayan kuma da kake ji da su babu wanda ya taɓa kiran sunansu. Waɗanda suka tara ɗigo su ne jarinka na farko.

A nan za ka lura da wani abu da littattafan Turawa kan wannan sana'a ba sa koyarwa, saboda su da harshe ɗaya suke fama. Kai masu sayenka kashi uku ne, kuma kaya ɗaya suna uku gare shi. Bahaushe yakan gwama: ya rubuta "farashin atamfa", ko kuma "shadda price in Kano", sunan kaya da Hausa sauran da Turanci. Mai saye daga Legas ko Anaca ba zai rubuta shadda ba, "guinea brocade" zai rubuta, atamfa a wajensa "ankara" ce, anko kuma "aso ebi". Na Maraɗi ko Damagaram ko Yamai da ya yi boko da Faransanci zai iya rubuta "bazin riche" a madadin shadda, "pagne wax" a madadin atamfa. Fejin da aka rubuta "shadda" kaɗai a ciki da wuya ya fito wa mai neman "guinea brocade". Gaskiya ne Google ya ƙware wajen gane cewa kalmomi biyu abu ɗaya suke nufi, musamman bayan manyan sauye-sauyen da ya yi a 2013 da 2019, amma wannan ƙwarewar ta fi ƙarfi a Turanci. A Hausa kada ka dogara da ita, ka faɗa masa da kanka. Shawarata ka duba littafin nan ka ga ina kuɗinka ya fi fitowa. In rabin sarinka Kudu yake tafiya, manyan fejojinka suna buƙatar na Turanci daban, na Hausa daban, kowanne da adireshinsa, ba a cakuɗa harsunan a sakin layi ɗaya ba. Akwai alamar da ake sawa a bayan feji mai suna hreflang wadda ke gaya wa Google cewa wannan da wancan abu ɗaya ne a harshe biyu, yaron ya sa ta. Faransanci kuwa kada ka taɓa shi sai in kana da wanda zai rubuta shi da kyau ya kuma amsa saƙon da zai biyo baya. Masu sayenka na Nijar galibi da Hausa za ku yi ciniki, don haka ambaton "bazin" sau ɗaya a fejin shadda ya wadatar a yanzu.

Sai batun haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. Yawancin mutane ba sa rubuta su a waya: "dinki" suke rubutawa ba "ɗinki" ba, "kayan daki" ba "kayan ɗaki" ba. In ka gwada rubutun biyu a Google wani lokaci sakamakon yakan bambanta. Kai dai ka yi sa'a, sunayen kayanka kusan duk ba su da lanƙwasa: shadda, atamfa, leshi, yadi, turmi, anko, lefe, sari. Inda ta taso, ka rubuta Hausa daidai a cikin bayani don mutuncin shagonka, adireshin feji kuma a bar shi da haruffa marasa lanƙwasa. Bambancin rubutu irin shadda da shada, ko atamfa da atampa, ka ɗauki wanda ya fi yawan ɗigo ya zama shi ne a take, ɗayan ya fito sau ɗaya a cikin magana in ya samu gurbi. Kada a jera su a ƙasa.

Bayan littafin, sai ka koma wajen Google da kansa, domin yana faɗin abin da ake tambayarsa kyauta. Buɗe burauza a yanayin sirri, wanda Chrome ke kira Incognito, don kada tarihin bincikenka ya shiga ciki. Rubuta "atamfa" ka ba da tazara ka tsaya, kada ka danna komai. Jerin da ya zubo ƙasa daga abin da mutane ke nema aka tsamo shi. Ƙara harafin a ka duba, goge ka sa b, haka har ƙarshe. Sannan ka sa kalma a gaba: "farashin", "nawa ne", "ina ake sayar da", "yadda ake gane". Ka yi haka da shadda da leshi da lefe, ka kuma yi da sunayensu na Turanci. Idan ka danna bincike, ka gangara ƙarshen sakamako akwai wasu jimlolin masu alaƙa. Akwatin bincike na YouTube da TikTok da Jiji ma haka suke yi, kuma a harkar sutura matasa da yawa can suke fara nema, don haka kada ka raina su.

Google Trends yana da amfani biyu a gare ka. Yana ba ka damar gwama kalmomi har biyar, ya nuna wacce ta fi a kowace jiha ta Najeriya, kuma yana nuna watannin da nema ke tashi. Sai dai lambobinsa, daga 0 zuwa 100, ba adadin mutane ba ne, awo ne na wannan a kan wancan. Wanda ke ba da adadi shi ne Keyword Planner da ke cikin Google Ads. Kyauta ne, amma in ba ka biyan talla ƙiyasi mai faɗi yake bayarwa, kamar ya ce tsakanin 100 da 1,000 a wata. Ga gargaɗin da nake so ka riƙe da kyau: jimlolin Hausa sau da yawa sukan fito babu adadi ko kaɗan, a nan da ma a manhajojin kuɗi irin Ahrefs da Semrush. Wannan ba ya nufin ba a nemansu. Ma'aunin ne bai kai ya auna ƙananan abubuwa ba. Google da kansa ya sha faɗin cewa kashi 15 cikin 100 na abin da ake tambayarsa kullum bai taɓa ganinsa ba. In manhaja ta ce sifili, littafinka kuma ya nuna mutum takwas sun tambaye ka abu ɗaya cikin wata uku, littafin za ka gaskata.

Ka yi lissafin da kanka. A ce jimla kamar "atamfar anko sari Kano" mutum 30 kacal ke nemanta a wata. In kai ne a sama, a ce 10 sun shigo, 2 sun saya, kowacce turmi 30, ka fitar da turmi 60. A ce kuma wata kalmar mutum 10,000 ke nemanta, kai kuma kana lamba ta 40 inda ba mai zuwa, ba ka fitar da ko ƙyalle ba.

Kafin ka tsayar da kowace jimla, ka rubuta ta ka dubi goman farko da idon ɗan kasuwa. In duk manyan shafuka ne masu feji na musamman a kan ainihin abin, ka ƙyale ta zuwa gaba. In kuwa abin da ya fito tsohon rubutun Facebook ne, da bidiyon da bai shafi tambayar ba, da wani feji da ya ambaci kalmar a wucewa, to ƙofa a buɗe take. Da jimlolin Hausa haka za ka riƙa gani sau da yawa, don rubutun kasuwanci da Hausa bai yawaita a intanet ba. Abin yana ba ni takaici ta wani gefen, cewa kasuwa irin Kwari da ake zuwa sari daga ƙasashe maƙwabta ba ta da bayanin kayanta a rubuce da harshen masu ita, amma ga wanda ya fara, dama ce da 'yan kasuwar Turanci ba su da irinta. Ka kuma lura da nau'in abin da ya fito: in goman farko duk bayani ne, feji mai bayani za ka gina, in duk jerin kaya ne da farashi, kai ma haka za ka yi.

Yanzu a ce ka tace sun koma goma sha biyar. Ka tara masu niyya ɗaya wuri guda. "Atamfar anko", "atamfa kala daya turmi 30" da "anko sari Kano" buƙata ɗaya ce, feji ɗaya za su ci. In ka gina musu uku, Google zai rasa wanda zai nuna, su raba ƙarfin a tsakaninsu. Haka nan kada ka ɗora shadda da leshi da lefe duk a babban feji kana jiran ya fito a kowanne.

Bari in nuna maka yadda fejin ankon zai kasance. Wuri mafi muhimmanci shi ne take, layin nan da ke fitowa da manyan haruffa a sakamakon Google. Shafukan 'yan kasuwarmu da yawa takensu "Home" ne ko "Barka da zuwa", wato an bar allon shago babu rubutu. Naka ya zama kamar haka: "Atamfar anko sari a Kantin Kwari, Kano: turmi 20 zuwa sama". Abin da ake nema yana farko, wurin yana ciki, kuma bai kai haruffa 60 ba, don abin da ya wuce haka Google yakan datse shi. Adireshin fejin ya ƙare da atamfar-anko-kano, ba lambobi barkatai ba. A cikin fejin kuma ka amsa duk abin da mai haɗa anko take tambaya a waya: yadi nawa ne a turmi, mafi ƙarancin da ake ɗauka a farashin sari, kwana nawa ake haɗa turmi hamsin kala ɗaya, me za a yi in kalar ta ƙare ana buƙatar ƙari, ta wace tasha ake aikawa Abuja ko Maiduguri kuma wa ke biyan kuɗin mota, ana ba da kafin alƙalami ko sai an biya duka. In ka amsa waɗannan da bakinka na ɗan kasuwa, kalmomin za su shigo da kansu ba tare da an ƙirga sau nawa aka maimaita su ba. Babu wani adadin maimaitawa da Google ya gindaya, duk wanda ya ce maka sai kalma ta fito sau kaza, tsohon zance yake yi.

Kuskuren da na fi gani a wajenmu shi ne a cika shafi da hotunan talla da aka rubuta komai a jikinsu, suna da farashi da lambar waya, babu rubutu ko layi ɗaya a wajen hoton. Mutum yana karantawa, amma injin bincike da rubutun fili ya fi dogara. Duk abin da ke jikin hoto a sake rubuta shi a ƙasa. Sunan hoton ma a canza shi kafin a ɗora, daga IMG_2045 ya koma farar-shadda-yadi-5, a kuma cike gurbin bayanin hoto da gajeriyar jimla mai faɗin abin da ke ciki. Sutura da ido ake sayenta, masu shigowa ta ɓangaren hotuna na Google ba kaɗan ba ne.

Maganar farashi na san za ta yi maka nauyi. 'Yan kasuwa ba sa son rubuta shi, don maƙwabci zai gani kuma canjin kuɗi yana motsa shi kullum. Amma duba littafinka ka ga sau nawa "nawa ne" ta fito. Wanda ya nemi farashi ya shigo bai gani ba, komawa yake ya danna na gaba. Ba sai ka rubuta na ƙarshe ba, ka rubuta daga kaza zuwa kaza, da ranar da aka sabunta, ka kuma riƙa sabuntawa da gaske.

Sunayen kamfanoni kuma a yi hattara da su. Getzner mai shaddar gezna kamfani ne na ƙasar Ostiriya, Vlisco mai sufa da holan na ƙasar Holan ne, kuma ana neman sunayensu sosai. In kana da na asali ka rubuta, ka nuna hatimi da rubutun gefen yadi a hoto na kusa. In mai kama ce, ka kira ta da sunanta. Ban da haƙƙi da ke ciki, wanda ya shigo da sunan asali aka aika masa wata, shi ne zai je ya rubuta maka mummunan sharhi inda kowa zai gani. Wannan ilimin naka na bambance asali da jabu shi kansa feji ne mai daraja, domin babu ma'aikacin Jumia da zai iya rubuta shi kamar wanda ya shekara da shekaru yana shafa yadi da hannunsa.

Duk jimlar da ke ɗauke da sunan gari, irin "shagon shadda a Kano", sau da yawa taswira ce ke fara fitowa da shaguna uku a ƙarƙashinta kafin a kai ga shafuka. Shiga nan ba ta shafinka ake yi ba, ta Google Business Profile ake yi, kuma kyauta ne. Google ya ce abu uku yake dubawa a nan: dacewa da abin da aka nema, kusanci, da shahara. Ka zaɓi rukunin sana'a daidai, ka rubuta sunan gida da layi da lambar shago yadda baƙo zai gane, ka sa hoton ƙofar shagon, ka roƙi abokan cinikinka na gaske su rubuta sharhi. Sunan kuma ya zama wanda ke jikin allonka, kada a ƙara masa "shadda atamfa leshi mai rahusa", don hakan na iya sa a dakatar da rajistar.

Lokaci ma yana cikin zaɓen kalma. Kasuwarka tana tashi gabanin ƙaramar Sallah da babbar Sallah da lokutan bukukuwa, kuma ka san masu dabara tun Sha'aban suke sayen yadi don kada tela ya rufe karɓa. Sabon feji kuwa yakan ɗauki makonni kafin ya zauna. Don haka fejin kayan Sallah tun Rajab ya kamata ya hau. Da yake shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kwana 10 ko 11, in kana duba Trends kada ka kwafi watan bara, ka ja shi baya. Kuma kada a sa shekara a adireshin fejin, a bar shi ɗaya ana sabunta kaya da take duk shekara, don ƙarfin da ya tara kada ya zube.

Game da jira, a wani bayani da Google ya fitar a 2017 ya ce irin wannan aiki yakan ɗauki wata huɗu zuwa shekara kafin a ga amfaninsa, kuma ya sha nanata cewa babu mai iya lamunce maka lamba ta ɗaya. Duk wanda ya zo da wannan alƙawarin, riƙe kuɗinka. Tallan da ake biya daban yake, yana fitowa da alama a sama, yana tsayawa ranar da kuɗin ya ƙare, kuma ba ya ɗaga matsayinka a sakamakon kyauta.

Abin da zai nuna maka ko zaɓinka ya yi shi ne Google Search Console. Kyauta ne, yaron ya haɗa shi yau, amma da imel ɗinka kai mai shago, ba nasa ba, don ko kun rabu bayanan su zauna a hannunka. Yana ajiye tarihin wata 16, yana nuna ainihin abin da mutane suka rubuta har shafinka ya bayyana, sau nawa aka nuna shi, sau nawa aka danna, da matsayin da yake. Sau ɗaya a wata ka buɗe ka nemi abu biyu. Jimlar da kake tsakanin lamba ta 8 da ta 20 a kanta, wannan ta kusa, ka ƙara wa fejinta bayani da hotuna, ka kuma sa mahaɗi zuwa gare ta daga babban feji. Sai jimlar da ake yawan nuna ka amma ba a dannawa, wannan takenta ne bai ja hankali ba, ko kuma bai dace da niyyar mai nema ba, a sake shi. A nan ne kuma za ka tsinci jimlolin da ba ka taɓa tunani ba, wataƙila ana samunka da "laffaya" alhali sau ɗaya ka ambace ta, sai ka san feji na gaba da za a gina.

Da yake cinikinka a WhatsApp yake ƙarewa ba a shafin ba, Search Console ba zai nuna maka wace jimla ce ta zama kuɗi ba. Ana toshe wannan giɓin da dabara mai sauƙi. Maɓallin WhatsApp na kowane feji ana iya shirya shi ya buɗe da rubutaccen saƙo nasa daban. Na fejin anko ya buɗe da "Salam, na ga atamfar anko a shafinku", na fejin lefe da "Salam, ina tambaya kan haɗa lefe". Ƙarshen wata sai yaron shago ya ƙirga saƙo nawa ya shigo da kowace jimla, nawa ne kuma a ciki aka yi ciniki, a rubuta a littafin nan gefen ɗigon farko.